Me ya sa labarin da ya fito da ɗumi-ɗuminsa ke sauyawa kafin dare?

Duk sanda wani babban abu ya auku nesa da manyan birane, gobara ce ko hatsarin jirgi, hari ne ko ruftawar gini, gardama iri ɗaya ce ke biyo baya. Da hantsi jarida ta ce mutum 5 suka rasu. Kafin la'asar ta ce 14. Da dare kuma ta dawo 9. Nan take sai ka ji ana cewa 'yan jarida shaci-faɗi kawai suke yi. Wasu su ce da gangan ake kumbura adadin don a ja masu karatu, wasu su rantse cewa wani babba ne ya buga waya aka rage. To, ƙarya ce, ko sakaci ne, ko kuwa haka aikin ya gada?

Amsar ba za ta fito ba sai an san wanda ke aiko da labarin, da halin da yake ciki lokacin da yake aikowa. A ganina, hawa da saukar adadi da ake yawan zagin 'yan jarida a kai shi ne mafi sauƙin lamarin. Ɓarnar gaske tana wurare biyu da ba a cika dubawa ba: idan wakili ya rataya labarinsa a bakin mutum ɗaya, da kuma idan babu wakilin ma a wurin.

Wane ne ke aiko da labarin?

Babbar jarida hedikwatarta na birni ɗaya, masu karatunta kuwa suna ko'ina. Shi ya sa take raba ƙasa shiyya-shiyya, ta ajiye wakili ko 'yan wakilai a kowace. A cikinsu akwai wanda ba a ware masa fanni ba, duk abin da ya ɓarke nasa ne. Wakilin kotu ya san ranar da za a zauna shari'a. Mai bin majalisa yana da jadawali. Mai binciken ƙwaƙwaf kan shafe wata shida yana tono abu ɗaya. Shi wannan bai san inda zai wuni ba sai wayarsa ta yi ƙara, kuma yankin da aka ɗora masa kan kai faɗin da mota ba ta ratsa shi a yini guda.

Jarinsa lambobin waya ne da ya tara cikin shekaru: jami'in kashe gobara, ma'aikaciyar jinya a sashen gaggawa, direban motar ɗaukar marasa lafiya, magatakardar kotu, da 'yan jaridar ƙananan garuruwa waɗanda ake biya gwargwadon labarin da suka kawo. Idan waɗannan mutane suka san shi, suka yarda da shi, za su ɗaga wayarsa a tsakar dare. Baƙo ba ya samun haka.

Akwai kuma abin da masu karatu da yawa ba su sani ba. Wakili ba shi kaɗai yake rubuta labarin ba. Guntu-guntu yake turawa, edita a hedikwata ya haɗa da abin da kamfanonin dillancin labarai suka aiko da abin da sauran abokan aiki suka samo ta waya. Kanun labarin da sanarwar da ke faɗowa a wayar mai karatu, galibi editan ne ke rubuta su. Sau da yawa jumlar da wakili ya yi kaffa-kaffa da ita, ya ce "wani jami'i ya ce ana fargabar", ita ce ke zama tabbatacciyar magana a kanu. Amma sunansa ne a kan labarin, don haka shi ake zagi.

Awa ta farko

Ka ƙaddara an kira shi an ce gini ya rufta. Kafin ya tada mota edita ya riga ya nemi layi biyu da za a saka a intanet. Ya isa wurin ya tarar 'yan sanda sun ja igiya, ƙura ba ta gama lafawa ba, mutane sun yi cirko-cirko kowa na nuna waje da hannu. Ya tambayi mutum na farko, ya ce gawa uku ya gani. Na biyu ya ce sun fi ashirin. Da ya ƙara tambayarsa ko da idonsa ya gani, sai ya ce a'a, wani mai gadi ne ya faɗa masa. Wata mata na riƙe da hoton ɗanta a waya tana nuna wa duk wanda ya wuce. Kakakin 'yan sanda bai ɗaga waya ba. Batirin wayar wakilin na raguwa, saƙon edita na sake shigowa: wata jarida ta ce 20, mu me muke da shi?

A wannan lokaci tambayoyi biyu ne kaɗai ke tsare shi: wa ya faɗa maka, shi kuma ta yaya ya sani? Ganau daban, jiyau daban. Mutum goma da suka ji magana daga bakin mai gadi ɗaya majiya ɗaya ce, ba goma ba. Shi ya sa manyan jaridu da dama ke neman a samu majiya biyu da ba su ji daga juna ba kafin a buga abu mai nauyi kamar mutuwa ko kamu. Dokar tana da sauƙin faɗa. Aiki da ita ne ke da wuya idan abokan hamayya sun riga sun buga.

Me ke sa adadi hawa da sauka?

Adadi kan hau saboda dalilai da kowa zai gane: ana ci gaba da tono ɓaraguzai, wasu da suka jikkata kan cika a asibiti. Saukarsa ce ke sa mutane zargi, alhali ita ma tana da dalili. A rana irin wannan hukumomi da yawa ke ƙirga, kowace da takardarta. Asibitin farko ya rubuta mutum, aka mayar da shi na biyu aka sake rubuta shi. Uwa ta ba da sunan ɗanta a jerin waɗanda suka ɓace, matarsa ma ta bayar da wani rubutun sunan daban. Wani kuma da ake nema yana can gidan abokinsa, wayarsa ce ta mutu.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, jerin waɗanda ake nema a New York ya haura mutum 6,000. Da aka tace, aka cire sunayen da suka maimaitu da na waɗanda aka gano suna raye, adadin mamatan tagwayen gine-ginen ya tsaya a 2,753. A gobarar dajin tsibirin Maui na jihar Hawaii a 2023, hukumomi sun ce mutum 115 suka mutu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta suka dawo da shi 97, daga baya ya ɗan ƙaru. Ba wanda ya yi ƙarya a nan. Jaridar da ta ce "ya zuwa ƙarfe kaza, hukumar kaza ta ce" ta sauke nauyin da ke kanta. Wadda kuwa ta kafe a kan adadin safe don kada a ce ta yi amai ta lashe, ita ce ta cuci mai karatu.

Daren da aka kaɗa ƙararrawar coci

Ranar 2 ga Janairu, 2006, wani abu ya fashe a mahaƙar kwal ta Sago da ke jihar West Virginia a Amurka, ma'aikata 13 suka maƙale a ƙarƙashin ƙasa. An fara samun gawar ɗaya. Dab da tsakar daren 3 ga wata, labari ya iso cocin da iyalai suka taru cewa sauran 12 suna raye. Aka kaɗa ƙararrawa, aka rungumi juna, ana kuka ana waƙoƙin yabo. Har gwamnan jihar ya nuna alamar haka ne. Wakilai suka aika, jaridu da dama suka tafi maɗaba'a da albishir a shafin farko.

Bayan kusan awa uku shugaban kamfanin ya shigo ya faɗa wa iyalan cewa mutum ɗaya ne kaɗai ya rayu. Saƙon da masu ceto suka turo daga cikin rami ne aka ji shi a karkace, wasu a cibiyar aikin ceton suka tsinta, suka yaɗa ta wayar salula. Da gari ya waye mutane suka sayi jaridun da ke cewa 12 na raye, alhali 12 sun mutu.

Abin lura a nan, wakilan ba ƙirƙira suka yi ba. Sun ga murna da idonsu, sun ji ta bakin iyalai da 'yan siyasa. Sai dai duk waɗannan bakuna daga saƙo ɗaya suka sha, kuma babu likita ko shugaban masu ceto da ya fito ya tabbatar. Labarin ya yi daɗin da kowa ke son ya zama gaskiya, shi ya sa aka manta da tambaya ta biyu. Irin wannan ya sake faruwa a 2011, lokacin da aka harbi 'yar majalisar Amurka Gabrielle Giffords a Tucson: gidan rediyon NPR ya ce ta mutu, wasu kafafe suka bi sahu, alhali tana ɗakin tiyata, kuma ta rayu.

Idan hukuma ce ta faɗa, shi ke nan?

Nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. An saba ɗaukar maganar 'yan sanda ko ta gwamnati a matsayin tabbaci, kuma a yawancin ranaku haka ne: su ke da gawa, su ke da takarda, su ke da ikon shiga inda aka hana kowa. Wakilin da ya ce "a cewar 'yan sanda" ya kare kansa daga ƙara, editansa ma hankalinsa ya kwanta. Matsalar ita ce ranar da hukumar kanta ke da hannu a abin da ya faru. Ranar nan mai ba da labari shi ne wanda ya kamata a bincika.

Ranar 15 ga Afrilu, 1989, turmutsutsu ya auku a filin ƙwallo na Hillsborough da ke Sheffield a Ingila, abin da ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Kwana huɗu bayan haka jaridar The Sun ta buga a shafin farko cewa wasu magoya bayan sun yi wa mamata sane, sun kuma far wa 'yan sandan da ke aikin ceto. Zancen ya samo asali ne daga wani kamfanin dillancin labarai na yankin, wanda ya ji daga jami'an 'yan sanda da wani ɗan majalisa. Sai a 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya fito da cewa an yi wa bayanan jami'ai 164 kwaskwarima, a 116 daga ciki an cire kalaman da ke sukar yadda 'yan sanda suka tafiyar da ranar. A 2016 masu taya alƙali shari'a suka yanke cewa an kashe mutanen ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da laifi. Shekara 27 iyalai na ɗauke da tabon ƙaryar da ta shiga jarida da rigar majiya mai tushe. Har yau mutanen Liverpool da yawa ba sa taɓa jaridar.

Haka aka yi a Minneapolis na Amurka ranar 25 ga Mayu, 2020. Sanarwar farko ta 'yan sanda kan George Floyd ta ce wani mutum ya nuna alamar rashin lafiya yayin kama shi, aka kai shi asibiti ya cika. Ba ta ambaci gwiwar da wani ɗan sanda ya danne wuyansa da ita fiye da minti tara ba. Bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta ne ya tona asiri. Da babu shi, da mai yiwuwa labarin ya tsaya a layi huɗu a shafin ciki.

Ba ina cewa a daina jin ta bakin hukuma ba. Wakilin da ya yi haka zai koma cin abinci da ji-ta-ji-ta. Abin da ake nema shi ne a ɗauki sanarwar hukuma a matsayin maganar ɓangare ɗaya, a rubuta ta a haka, a je a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Wannan kuwa yana da tsada ga wakilin yanki fiye da kowa, domin kakakin da ya ƙaryata yau shi zai sake nema gobe, ga shi a gari ɗaya suke zaune.

A jira, ko a buga?

Tseren riga kowa ba yau ya fara ba. A 1846 jaridun New York biyar suka haɗa kuɗi don labarin yaƙin Amurka da Meziko ya riƙa iso musu da wuri, daga nan kamfanin dillancin labarai na AP ya samo asali. A 1850 Paul Julius Reuter yana aika farashin hannun jari da tattabaru tsakanin Brussels da Aachen. Abin da ya sauya shi ne a da akwai lokacin rufe shafi sau ɗaya a rana, wakili na da awanni ya bincika. Yanzu kowane minti lokacin rufe shafi ne, kuma duk mai waya ya riga shi isa wurin.

Masu cewa a jira suna da hujja: Sago da Tucson sun ishe su. Masu cewa a buga abin da aka sani nan take su ma suna da tasu, kuma ba ta wasa ba ce. Wani bincike na jami'ar MIT da mujallar Science ta wallafa a 2018 ya bi labarai kusan 126,000 a Twitter, ya gano cewa damar a sake yaɗa labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ta kai ga mutum 1,500. Idan jarida ta yi shiru, wasu ne za su cike gurbin.

An ga haka a Southport na Ingila ranar 29 ga Yuli, 2024, bayan an kashe yara mata uku da wuƙa. Wanda aka kama ɗan shekara 17 ne, doka ta hana a ambaci sunansa. Cikin awanni aka yaɗa sunan bogi a kafafen sada zumunta, aka ce Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwale-kwale. Washegari aka kai wa masallacin garin hari, tarzoma ta bazu zuwa garuruwa da dama. Alhali a Cardiff na Birtaniya aka haife shi, kuma sai ranar 1 ga Agusta alƙali ya ba da izinin a faɗi sunansa. Jaridun da suka bi doka ba su yi laifi ba, amma shirun da doka ta tilasta musu ya bar fili.

Hanyar da ƙwararru da dama suka ɗauka ita ce a buga da wuri, amma a raba fili: ga abin da muka tabbatar, ga abin da ake faɗa ba mu tabbatar ba, ga abin da aka yaɗa kuma ƙarya ne. Ni ma nan na karkata, duk da na san mai karatu da yawa kanu kawai yake gani.

Idan wakilin ya tafi

A Amurka, inda aka fi ƙirga wannan asara, cibiyar bincike ta Pew ta ce ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridu sun ragu daga kimanin 71,000 a 2008 zuwa kimanin 31,000 a 2020. Makarantar aikin jarida ta Medill ta ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridun ƙasar sun rufe tun daga 2005. Kuɗin talla ya koma intanet, kuma ofishin shiyya na cikin abubuwan da ake fara rufewa, saboda ana biyan haya da mota da albashi ko an yi labari ko ba a yi ba.

Abin da ke maye gurbinsa biyu ne. Ko dai matashi a hedikwata yana tattara abin da aka saka a Facebook da sanarwar hukuma ya ɗinka labari bai taka wurin ba, ko kuma a turo fitaccen wakili ya sauka yau ya tashi jibi, bai san wa ke gaba da wa a garin ba. Jarabar rubuta labarin wuri ba tare da an je ba ita ce ta kunyata jaridar New York Times a 2003, lokacin da ta gano wakilinta Jayson Blair yana sa sunan garuruwan da bai je ba a kan labaransa. Manyan editocinta biyu suka sauka.

Amfanin ɗan gida kuwa ya fito fili a zaftarewar ƙasa ta Oso a jihar Washington ranar 22 ga Maris, 2014, wadda ta kashe mutum 43. Jami'ai sun ce abu ne da ba wanda ya hango. Cikin 'yan kwanaki wakilan Seattle Times suka zaƙulo rahotannin masana da suka daɗe suna gargaɗi kan wannan tudu, har da na 1999. Aikin ya ba su lambar yabo ta Pulitzer. Sun san ofishin da za su je da mutumin da za su tambaya, abin da ba a koyo a kwana biyu.

Shi kansa wakilin yana biyan nasa. Shi ake turawa gidan makoki ya nemi hoton mamaci daga hannun uwar da ba ta gama gaskata abin da ya same ta ba. Yana ganin gawa a mako fiye da yadda wasu ke gani a rayuwarsu, ya koma gida ba wanda ya tambaye shi ya jiki. Kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya daɗe yana nuna cewa mafi yawan 'yan jaridar da ake kashewa a duniya 'yan gida ne masu aiki a ƙasarsu, ba baƙin da suka zo daga waje ba. Wanda ka rubuta labari a kansa ya san ƙofar ofishinka. A 2018 wani mutum da ya daɗe yana jin haushin jaridar Capital Gazette a Annapolis na Amurka ya shiga ofishinta ya kashe ma'aikata biyar.

Talaka da sunansa

Ga mai karatu, abin da zai fi amfana da shi a ranar farko shi ne ya duba wa aka jingina wa maganar, da ƙarfe nawa aka sabunta ta, da kuma ko jaridar na faɗin abin da ta gyara ko kuwa a ɓoye take sauyawa. Hoton kanu da aka ɗauka da safe aka ci gaba da turawa har dare ya fi komai ɓatar da mutane, saboda gyaran ba ya bin sa.

Adadi dai ana gyara shi. Suna ne ba ya gyaruwa. A gasar Olympics ta Atlanta a 1996, wani mai gadi, Richard Jewell, ya ga jakar da bam ke ciki, ya taimaka wajen janye mutane. Kwana uku bayan haka babbar jaridar birnin ta ba da labarin cewa shi hukumar FBI ke bincika. Labarin ba ƙarya ba ne, ana binciken nasa. Amma kyamarori suka yi sansani a ƙofar gidan mahaifiyarsa, aka mai da shi abin nuni a faɗin ƙasa, sai bayan kwana 88 hukuma ta ce ba shi ake nema ba. Wanda ya dasa bam ɗin, Eric Rudolph, ya amsa laifinsa a 2005.

Irin wannan ne ya sa ɗakunan labarai da dama ba sa ambaton wanda ake zargi sai an gurfanar da shi. A 2021 AP ta ce ta daina sa sunayen waɗanda aka kama kan ƙananan laifuffuka idan ba za ta bi shari'ar har ƙarshe ba, domin sunan kan zauna a intanet, ya hana mutum aiki ko haya bayan kotu ta sallame shi. Wannan mataki bai shafi manyan laifuffuka ba. A irin su, jami'i kan raɗa wa wakili suna ya ce kada a ambace shi, wata jarida na shirin bugawa, shi da editansa kuma suna da 'yan mintoci su yanke ko za su saka sunan.